Dorothy Talbot: Matar da ta adana kamannin furannin Nijeriya da fentin ruwa

A ranar 28 ga Disamba, 1916, wata Baturiyar Ingila mai suna Dorothy Amaury Talbot ta rasu a garin Degema da ke cikin Jihar Ribas ta yanzu, tana da kimanin shekara 45 a duniya. Tun daga 1909 har zuwa rasuwarta, ta ƙarar da rayuwarta ne wajen tattara tsirran Nijeriya da zana furanninsu da fentin ruwa. Wannan aiki ya zaunar da ita a kurmin Oban da ke kan iyakar Kamaru, ya kai ta gaɓar Tafkin Chadi, ya kuma bi da ita ta ƙasar Borno da Fika, wato yankin da ya haɗa da Jihar Yobe ta yau.

Masana ilimin tsirrai sun san sunanta, domin yana maƙale da tsirrai da dama na Afirka ta Yamma. Sai dai a ƙasar da ta yi aikin, kuma ta rasu a cikinta, ba kasafai ake ambatonta ba. Tarihinta ya nuna yadda zanen fure, wanda wasu ke ɗauka aikin nishaɗi ne kawai, ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin da duniya ta fara sanin dukiyar dazuzzukan Nijeriya.

Daga Ingila zuwa kurmin Oban

An haifi Dorothy Amaury a shekarar 1871. Ta auri Percy Amaury Talbot, wanda aka haifa a 1877, jami'i a gwamnatin mulkin mallaka ta Birtaniya. Mijin ya riga ta sanin wannan ƙasa. A 1904 yana cikin tawagar Boyd Alexander da Kyaftin Gosling, wadda ta taso daga Kogin Kwara da nufin kaiwa Kogin Nilu, kuma aikin safiyo aka ɗora masa. Shi da Claud Alexander, ƙanen Boyd, suka auna hanya daga Binuwai ta ƙasar Bauchi, suka ratsa tuddan Karai-Karai, mutanen da har yau suke cikin manyan al'ummomin Potiskum da kewaye, sannan suka shiga Borno. A can Claud ya rasu a Maifoni, inda Maiduguri take a yanzu, cikin watan Nuwamba na wannan shekara.

Bayan wannan tafiya ne aka tura Percy ya riƙe gundumar Oban a Kudancin Nijeriya, matsayin da Hausawa suka fi sani da Di'o. Oban ƙasar Ejagham ce, waɗanda Turawa suka riƙa kira Ekoi, kuma tana cikin Ƙaramar Hukumar Akamkpa ta Jihar Kuros Riba a yau. Kurmi ne mai duhu da tuddai, inda ruwan sama kan haura milimita 3,000 a shekara, alhali abin da Potiskum ke samu bai kai milimita 1,000 ba. A wancan zamani matan jami'an Turawa ƙalilan ne suke biyo mazajensu zuwa irin waɗannan wurare. Dorothy ta zo, ta zauna, ta kuma riƙa bin mijinta rangadi daga ƙauye zuwa ƙauye.

A cikin waɗannan tafiye-tafiye ne suka fara tattara tsirrai a 1909. Abin da ya fi jan hankalin baƙo a Oban shi ne yawan itatuwan da ke fitar da fure a jikin gangar itace, maimakon kan ƙananan rassa, kamar dai yadda 'ya'yan ɓaure ke fitowa cunkus a jikin uwarsu. Wasu kuma sukan yi fure ne can ƙololuwa, inda ido ba ya kaiwa, sai dai a tsinci wanda ya faɗo ƙasa ko a sami gwanin hawa ya tsinko. Wasu itatuwan ma sai su shafe dogon lokaci ba su yi fure ba. Duk wanda ya ci karo da irin wannan fure, to dama ce da ba lallai ta sake zuwa masa ba.

Dalilin zana fure

Hanyar da masana suke bi wajen adana tsiro tsohuwa ce. Ana yanko reshe mai ganye da fure, a shimfiɗa shi tsakanin takardu, a danne da nauyi, a riƙa sauya takardun har ya bushe ƙayau. Daga nan sai a liƙa shi a farar takarda mai kauri, a rubuta wurin da aka samo shi da kwanan wata da lamba. Irin wannan samfur kan yi ɗaruruwan shekaru bai lalace ba.

Amma bushewar tana cinye abubuwa masu muhimmanci. Fure ja ko shuɗi yakan koma ruwan ƙasa. Wanda yake da siffar ƙararrawa ko ƙoƙo yakan baje ya zama kamar ɓawon albasa. Masanin da ke zaune a Landan yana iya jiƙa busasshen fure a ruwan zafi ya buɗe shi ya ƙirga sassansa, amma launin da ya tafi ba ya dawowa. Na'urar ɗaukar hoto ta wancan lokaci kuwa, galibi baƙi da fari take fitarwa. Hoto mai launi da aka fara sayar da kayansa a Faransa a 1907 a kan farantin gilashi ake ɗaukarsa, yana buƙatar haske da dogon jira, abin da duhun kurmi ba ya bayarwa. Saboda haka, launi da siffar ɗanyen fure ba su da hanyar isa ga masana sai ta hannun mai zane. Gani ya kori ji.

Wannan fanni na zane yana da ƙa'idojin da suka bambanta shi da zanen ado. Mai zane yakan fara da fensir, yana auna tsawo da faɗin kowane sashe domin hoton ya zo daidai da girman abin da ke gabansa. Yakan nuna yadda ganyaye suka jeru a reshe, ko suna fuskantar juna ko suna bin juna bi da bi, ya kuma juya ganye ɗaya domin a ga bayansa. Sai ya tsaga fure da reza, ya duba shi da madubin ƙara girma, ya zana sassan cikinsa a gefen takarda. Bayan haka ne yake ɗauko buroshi. Yana fara shafa launi mai tsarkin ruwa, ya bari ya sha iska, ya ƙara wani a kai, daga mai haske zuwa mai duhu, har kalar ta yi daidai. Inda fure yake fari ko yana ƙyalli, farin takardar ake bari ya tsaya a madadinsa. A ƙarshe sai a rubuta wa zanen lambar da aka ba busasshen samfurin, domin su zama shaidar juna.

Duk wannan cikin gaggawa ake yin sa, saboda fure da yawa na kurmi sukan yi yaushi cikin 'yan sa'o'i bayan an tsinke su. Ga kuma laima da ke hana fenti bushewa, tana sa takarda ta yi funfuna, ga gara da kyankyasai masu cin takarda. An zaɓi fentin ruwa ne don sauƙin ɗauka: ƙaramin akwati da buroshi da ɗan ruwa a kofi sun wadatar.

Akwai wata alaƙa tsakanin wannan fenti da ƙasar Yobe. Abin da ke riƙe garin launi ya manne a takarda shi ne ƙaro, wanda ake samu a jikin dakwara, shi ne kuma malamai masu rubutu da zayyana suke sa wa tawada tun da daɗewa. A zamanin Dorothy, ƙaron da ake kaiwa Turai ya fi fitowa daga Sudan da Senegal. A yau Yobe da Borno da Jigawa suna kan gaba wajen samar da shi a Nijeriya.

Dorothy ta shiga sahun mata da suka yi fice a wannan aiki kafin ita. Maria Sibylla Merian, haifaffiyar Jamus, ta tafi Suriname a Kudancin Amurka a 1699 domin zana tsirrai da ƙwari. A lokacin da Dorothy take Oban kuwa, wata mai suna Matilda Smith ce babbar mai zane a Lambun Kew na Landan. Amma ita Matilda tsirran ake kawo mata har teburinta, Dorothy kuwa ita take bin su har inda suka tsiro.

Tafiyar Tafkin Chadi

A watan Afrilu na 1910 aka kashe Boyd Alexander a kusa da Abeche, a ƙasar Wadai, lokacin da Faransawa suke yaƙi da mutanen yankin. Aka kawo gawarsa Maifoni aka binne kusa da ƙanensa. Budurwar da yake nema da aure, Olive MacLeod, 'yar wani babban gida a Sikotilan, ta ƙudura niyyar ziyartar kabarin. Percy ya san hanya, ya kuma san mamacin, don haka shi da Dorothy suka amince su raka ta.

Sun bar Ingila a watan Agusta na 1910. Suka hau Kogin Kwara zuwa Lakwaja, suka bi Binuwai ta Yola har Garwa, wadda a lokacin take hannun Jamusawa. Daga nan suka shiga ƙasar da Faransa ke mulki, suka kai ga wani magangarar ruwa a Kogin Mayo Kebbi wanda Faransawa suka laƙaba wa sunan MacLeod, suka bi Kogin Logone zuwa Fort Lamy, wato Injamena ta yau. Sun ziyarci Sarkin Bagarmi, Gaurang, sannan suka tsallaka Tafkin Chadi a kwale-kwale, suna yada zango a tsibiran Buduma, har suka sauka a gaɓar Borno, zamanin Shehu Garbai. Bayan Olive ta cika burinta a Maifoni, sai suka yi yamma, suka bi ta Fika a farkon 1911, suka gangara zuwa Kogin Gongola. An ƙiyasta tsawon tafiyar da mil 3,700, wato kusan kilomita 6,000.

A wancan lokaci fadar Moi Fika tana garin Fika ne, domin sai a 1924 aka mayar da hedikwatar masarautar zuwa Potiskum. Matafiyan sun ratsa yankin ne da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, kuka ta zubar da ganye, gawo kuma yake kore shar saɓanin sauran itatuwa. A wannan lokaci ne gurjiya da minjirya suke fitar da jajayen furanni a kan rassan da babu ganye, ƙarya ta yi nata mai ruwan hoda, ɗorawa kuma ta fara rataya tutunta. Ga wadda ta saba da laimar Oban, matsalar a nan ta juya: busasshiyar iska kan shanye ruwan fenti tun buroshi bai gama tafiya a takarda ba.

Tawagar ta tattara tsirrai da kayan al'adu a kan hanya, aka kai su gidajen tarihi na Birtaniya. Olive ta rubuta labarin tafiyar a littafinta Chiefs and Cities of Central Africa, wanda ya fito a 1912. A wannan shekara ce ta auri Charles Temple, wanda ya zama Mataimakin Gwamna mai kula da Arewacin Nijeriya bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914.

Kundin 1913 da sunayen da aka raɗa

Dorothy da mijinta sun koma Oban suka ci gaba da aiki har 1912, shekarar da Percy ya fitar da littafinsa kan mutanen Ejagham mai suna In the Shadow of the Bush. Abin da suka tara suka aika sashen tarihin halittu na Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan, inda masana suka duƙufa a kansa, cikinsu har da Alfred Barton Rendle, shugaban sashen tsirrai, da Edmund Baker da Herbert Wernham da Spencer Moore. A 1913 gidan tarihin ya buga kundi na musamman kan tsirran Oban da ma'auratan suka tattara. Kundin ya ƙunshi nau'o'i sama da 1,000, kuma kusan 200 daga ciki ba a taɓa bayyana su a littattafan kimiyya ba kafin nan. Samun wannan adadi daga gunduma guda ya tabbatar wa masana cewa Oban na cikin wurare mafiya yalwar tsirrai a nahiyar Afirka.

Masanan sun karrama ta ta hanyar da suka saba. Wernham ya raɗa wa wani rukunin itatuwa suna Dorothea, daga dangin da suka haɗa kofi da gauɗe da tafashiya. Rendle ya sa wa wani tsiro na bakin rafi, ɗan dangin gwaza, suna Amauriella, daga sunan gidan da ta fito. A 1914 Baker ya raɗa sunan Talbotiella ga wani rukunin itatuwa 'yan uwan tsamiya da taura da maje, domin tunawa da su biyun. Da bincike ya ƙara zurfi, an haɗe Dorothea da rukunin Aulacocalyx, Amauriella kuma da Anubias, tsiron da masu kiwon kifin ado suke sawa a akwatunan gilashi a faɗin duniya. Talbotiella kuwa yana nan da sunansa, kuma nau'o'i da dama suna ɗauke da laƙabin talbotii.

Akwai abin lura a nan. A bangon kundin, an ambaci Dorothy ne a matsayin matar Mista P. A. Talbot, kamar yadda al'adar Ingila ta lokacin ta tanada, abin da ya sa sau da yawa ake jingina aikin ga mijin shi kaɗai. Akwai kuma waɗanda suka fi ta shiga duhu: 'yan alaron da suka ɗauki akwatunan takardu a ka, da maharba da masu hawan itace da suka san inda kowane itace yake da lokacin furensa, da masu maganin gargajiya da suka san amfaninsa. Waɗannan tsirrai sababbi ne ga littattafan Turai, amma mutanen Oban sun daɗe da saninsu da sunayensu. Sunayen Latin da aka raɗa sun fi tunawa da Turawa, har da Gwamna Walter Egerton, wanda aka sa wa wani itace mai suna Napoleonaea egertonii sunansa.

Eket da Degema

Daga Oban aka mayar da Percy zuwa Eket, a Jihar Akwa Ibom ta yanzu, ƙasar Ibibiyo. A can Dorothy ta ci gaba da tattara tsirrai, kuma daga nan ne aka samo itacen da aka fara kafa rukunin Talbotiella a kansa, wato Talbotiella eketensis. Ta kuma buɗe wani sabon fage. Ta lura cewa kusan duk abin da Turawa suka rubuta kan al'ummomin Afirka maza ne suka ji daga bakin maza, alhali mata suna da ƙungiyoyi da al'adun da ba sa bayyana wa namiji. Sai ta riƙa zama da matan Ibibiyo tana sauraron bayanansu kan haihuwa da reno da shirin aure da zaman gida da takaba.

Sakamakon shi ne littafinta Woman's Mysteries of a Primitive People, wanda aka buga a Landan a 1915. Sunan littafin kansa, da ya siffanta Ibibiyo da mutanen da ba su waye ba, yana ɗauke da raini irin na zamanin mulkin mallaka, kuma mai karatu na yau zai ci karo da irin wannan kallo a cikinsa. Duk da haka masu nazarin tarihin mata suna komawa gare shi, domin yana cikin rubuce-rubucen farko da mace ta yi kan rayuwar matan wata al'umma ta Nijeriya.

Zangonta na ƙarshe shi ne Degema, a cikin fadamun bakin teku na yankin Neja Delta, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya yake ci. A can ajali ya same ta a ƙarshen 1916. Mijinta ya ci gaba da aiki a Nijeriya, ya jagoranci ƙidayar Lardunan Kudu ta 1921, ya buga littafi mai juzu'i huɗu kan al'ummomin Kudancin Nijeriya a 1926, ya rasu a 1945.

Abin da ta bari

Tsirran da suka tara, waɗanda suka kai dubbai, da zane-zanenta suna Landan, mafi yawa a Gidan Adana Tarihin Halittu, wasu samfuran kuma a Lambun Kew. Da John Hutchinson da John Dalziel suka zo rubuta babban kundin tsirran Afirka ta Yamma, wanda ya fito tsakanin 1927 da 1936, samfuran Talbot na cikin abin da suka dogara da shi. Da yawa daga cikin samfuran da aka kafa sababbin sunaye a kansu an ɗora hotunansu a intanet, ta yadda ɗalibi a Kalaba ko Damaturu zai iya duba su ba tare da ya je Ingila ba.

Kurmin da ta yi aiki a cikinsa ya zama sashen Oban na Gandun Dajin Ƙasa na Kuros Riba, wanda aka kafa a 1991, yana maƙwabtaka da gandun Korup na Kamaru. Amma sare itatuwa da faɗaɗa gonaki sun ci dazuzzuka masu yawa a wajen gandun, kuma Talbotiella eketensis na cikin itatuwan da aka sanya a jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Idan itace ya ɓace daga inda yake, busasshen reshe da zanen furensa su ne kaɗai shaidar da ke saura.

A Arewa, wanda ya yi aiki mafi kusa da nata shi ne Dalziel, likita ɗan Sikotilan da ya tattara tsirrai a wurare irin su Katagum, maƙwabciyar Potiskum, da Sakkwato da Yola. A 1916, shekarar da Dorothy ta rasu, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, inda ya haɗa kowane suna da takwaransa na kimiyya. Shi ya adana suna, ita ta adana kamanni, kuma tsiro ba ya samun cikakkiyar shaida sai an haɗa biyun.

Wannan buƙata ba ta kau ba a yankin da hamada da neman itacen girki suke rage daji kowace shekara. Wayar hannu tana ɗaukar hoto mai launi, amma har yau mujallun kimiyya suna neman zane idan za a bayyana sabon nau'i, domin mai zane yana iya tara fure da 'ya'ya da iri da bayan ganye a shafi guda, ya fito da abin da ke bambanta tsiro da ɗan uwansa. Kayan aikin ba su fi ƙarfin makarantar sakandare a Yerimaram ko Fika ko Gashuwa ba: takarda mai kauri, fensir, buroshi, akwatin fenti da reza. Abin da zai ƙara wa irin wannan zane daraja a yau shi ne a rubuta a ƙasansa wurin da aka samo tsiron da ranar, da sunansa a Hausa da Bolanci da Ngizim da Karai-Karai, tare da sunan dattijon da ya nuna shi.